Babi na Bakwai: Kilomita 50 na Farko

Jirgin shawagi ba shi da inji. Jan sa ake yi zuwa sama, ko dai da wani jirgi mai inji, ko da doguwar igiya wadda wani inji ke naɗewa daga ƙasa, sannan a sake shi. Daga wannan lokaci gangarowa yake yi a hankali, kuma ba zai daina ba sai tayarsa ta taɓa ƙasa. Abin da ke sa ya daɗe a sama shi ne matuƙin ya nemo iskar da ke hawa da saurin da ya fi na gangarowar jirgin. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma sun san wannan iska ko da ba su taɓa ganin irin wannan jirgi ba. A cikinta shirwa ke kewayawa da hantsi ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ita shamuwa ke hawa idan ta iso gabanin damina, ita ce kuma ke nuna kanta a gonakin rani idan guguwa ta murɗa ƙura da busasshen ganye. Rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, iskar ta ɓalle ta yi sama. Matuƙi ya shiga cikinta ya yi ta kewayawa har ya hau, ya fita ya miƙe, ya je neman ta gaba. Da wannan dabara, da kuma iskar da manyan duwatsu ke cillawa sama, Bajamushe Klaus Ohlmann ya yi tafiyar sama da kilomita 3,000 cikin yini ɗaya a ƙasar Ajantina a shekarar 2003.

Amma kafin dubu uku akwai hamsin, kuma hamsin ɗin su ne masu wuya. Jirgin koyo irin ASK 21, wanda makarantu da yawa ke amfani da shi, yana tafiyar kusan mita 34 a gaba kan kowace mita ɗaya da ya gangaro, idan iska tsaye take. Wato daga tsayin mita 1,000 zai iya kai kilomita 34 a takarda, kuma malamin kirki zai gaya wa ɗalibinsa ya yi lissafi da rabin haka. To, a ce jirgi ya tashi daga Katsina ya nufi kudu. Kurfi tana da nisan kilomita 40 ko abin da ya yi kusa da haka, Dutsin-Ma kuma ta ɗara 60 a miƙe. Tun kafin matuƙin ya zo saitin Kurfi, filin da ya baro ya fita daga hannunsa. Idan iskar hawa ta ƙi samuwa, babu komawa, babu kuma wani filin jirgi a gabansa. Gonar wani zai sauka. Tambayar wannan babi ita ce: wane irin sani ne ya kamata a nema a wurin mutum kafin a bar shi ya ƙetare wannan iyaka shi kaɗai? Ra'ayina shi ne, yawan awoyin da mutum ya yi a sama ba ya amsa tambayar. Abin da ke amsa ta shi ne yawan saukar da ya yi daidai inda ya yi niyya, da kuma shaidar cewa yana iya haƙura da tafiya tun da sauran tsayi. Kuma dole a gwada waɗannan a kan irin ƙasar da zai bi.

Ƙa'idojin duniya ma, idan aka karanta su da natsuwa, can suka karkata. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda dokokin jiragen saman Nijeriya suka ginu a kan ma'auninta, ba ta nemi komai mai yawa ba don lasin jirgin shawagi: shekara 16, awa 6 a sama, 2 daga ciki shi kaɗai, da tashi da sauka aƙalla sau 20. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi, kuma kusan duk ƙasar da ake wannan harka da gaske ta ƙara a kai. A Tarayyar Turai ana neman awa 15 na koyo, da tashi da sauka sau 45, da tafiya ɗaya ta kilomita 50 shi kaɗai ko ta kilomita 100 tare da malami. A baya ƙungiyar masu shawagi ta Birtaniya ta daɗe tana bin tsarin da ya fi wannan bayyana manufa. A wancan tsari, kafin ta ba mutum lambar tagulla sai ya yi tashi 50 shi kaɗai, ko tashi 20 da awa 10. Ko da ya samu, ba a sake shi ya yi nisa sai malami ya ɗauke shi sun fita karkara, ya zaɓi gona daga sama da idonsa, ya gangaro kamar zai sauka a cikinta, ya kuma nuna yana iya bin hanya da taswira. Ta Amurka ita ma, a sharuɗɗan lambar tagullarta, ta sa awa 15 da tashi 30, amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne saukar da take nema a yi ba tare da duba na'urar auna tsayi ba. Dalilin a fili yake. Na'urar an saita ta ne a filin gida, gonar da za a sauka kuwa tana iya zama a kan tudu ko a kwari, don haka lambar da allurar ke nunawa ba ta gonar ba ce. Sai bayan duk wannan ake maganar lambar azurfa ta ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda tun farkon shekarun 1930 sharuɗɗanta uku ba su sauya ba: awa 5 a sama, hawan mita 1,000, da tafiyar kilomita 50.

Me ya sa sauka ta cinye wuri haka a cikin ƙa'idojin? Saboda a jirgi mara inji ba a sake gwadawa. Matuƙin jirgi mai inji idan ya ga ya zo da tsayi ko da gudu fiye da kima, sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Mai shawagi sau ɗaya yake da shi. Awa 5 da mutum ya yi yana kewayawa a saman filinsa sauka ɗaya ce kawai ta fito daga cikinsu, a kan doguwar hanyar da ya haddace, da tutar iska da ke gaya masa inda iska ta dosa, da itacen da ya saba juyawa a kansa. Wani kuma da ya yi gajerun tashi 30 a cikin awa 5 ɗin nan ya auna kusurwar gangarowa sau 30. A littafin lissafin awoyi daidai suke, a gona kuwa ba ɗaya ba ne. Yaron motar da ya shekara yana gyara wa maigidansa tsayuwar mota a cikin tasha ya san sitiyari, amma ba wanda zai ɗora masa fasinja zuwa Funtua don haka kawai.

Yanzu a dubi ƙasar kanta, domin a nan ne lambobin da aka aro daga Turai suke gazawa. Ɗalibin Ingila ana koya masa ya nemi babbar makiyaya ko gonar alkama da aka girbe, shimfiɗaɗɗiya, mai tsawon mita 300 ko fiye. Gonakin da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ba haka suke ba. Ƙanana ne, gado ya rarraba su, kuma kusan babu wadda ba ta da itace a tsakiyarta: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, dogon yaro. Manomi bai bar su a banza ba, gawo ma taki ne da abincin dabba. Amma fikafikan ASK 21 daga wannan baki zuwa wancan mita 17 ne, kuma jirgin yana tunkarar ƙasa da gudun kilomita 90 zuwa 100 a awa. Idan bakin fiffike ɗaya ya taɓa reshe, jirgin zai juya nan take. Sannan ga kunya. Gonar da aka yi wa huɗa da garmar shanu tana riƙe kunyoyinta har cikin rani, sun bushe sun yi tauri. Wanda ya sauka bisa tsawon kunya zai sha girgiza ya tsaya, wanda ya gicciye su yana iya karya jirgin da bayansa. Idan kuma iska ta zo a gicciye da kunyoyin, dole ya zaɓi wanne zai bi, kuma ya zaɓa tun yana sama da mita ɗaruruwa. Ga tushiyoyin dawa da aka sare da suka rage a tsaye, ga tarin kara, ga gidan gara, ga layin gamba da ke raba gona da gona, ga kwazazzabon da ruwa ya ci wanda ba a ganinsa sai an zo kusa, ga wayar lantarki da ba a hango ta daga sama sai dai a nemi turakunta, ga garken shanu da ke kiwon abin da girbi ya bari. A tsakiyar damina kuwa maganar ma ba ta taso ba, domin gero da dawa sun fi tsayin mutum, kuma jirgin da ya faɗa cikinsu ba zai fito lafiya ba. Babu adadin awoyi a saman kwalta da zai koya wa ido bambance waɗannan. Sai an bi gonakin da ƙafa, a sake ganinsu daga sama tare da malami, a haɗa abin da ƙafa ta taka da abin da ido ya hango.

Sararin sama ma yana da nasa. Duwatsun da ke kewayen Dutsin-Ma suna ɗaukar zafi da wuri, kuma irinsu ne ke tayar da iskar hawa, amma bayansu, ɓangaren da iska ba ta bugawa, iska gangarowa take yi da hargitsi. Saman ruwan madatsar Zobe, a kan kogin Karaduwa, da rana ba ya ba da iskar hawa, saboda ruwa ba ya yin zafi da sauri kamar ƙasa, don haka wanda ya ratsa ta kansa da ƙaramin tsayi ya yi asara. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na iya rufe gari har manyan jirage su kasa sauka a Kano, alhali dokar tuƙi da ido tana neman a iya hangen kilomita 5. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, iskar hawa tana da ƙarfi ƙwarai, amma sau da yawa babu girgijen da zai nuna inda take, kuma matuƙin da ke zaune ƙarƙashin murfin gilashi yana bushewa da ƙishirwa, tunaninsa na raguwa bai sani ba. Da shigowar Mayu da Yuni sai hadarin farkon damina, wanda ke tasowa daga gabas da ƙura da iska mai kwashe rufin kwano. Mutumin da ya tara awa 50 duk a yanayi ɗaya bai san sauran ba.

Duk da haka, ba a hannu mafi yawan kuskuren yake ba, a zuciya yake. Malamai da yawa suna koyar da matakai uku: idan ka gangaro zuwa mita 600 ka tabbata kana saman ƙasar da ake iya sauka, a mita 450 ka ware gonaki biyu ko uku, a mita 300 ka zaɓi ɗaya ka daina neman hawa. Haddace wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Yin aiki da shi shi ne jarrabawar. A ce matuƙi ya wuce Kurfi, ya yi kilomita 44, saura 6 ya cika sharaɗin lambar azurfa, yana mita 280, sai ya ji fiffiken hagu ya ɗan ɗaga. Komai a jikinsa zai ce masa ya juya ya gwada sau ɗaya. Idan ya juya a hankali kusa da ƙasa, kuma gudun ya ragu, fiffike na iya daina ɗaukar jirgin ya kife yana juyawa, babu kuma tsayin da zai gyara. Wannan yana cikin manyan hanyoyin da masu shawagi ke rasa rayukansu, kuma yana cin tsofaffin hannu kamar yadda yake cin sababbi. Malamin da ya zauna a kujerar baya sau da yawa ya san ɗalibin da ke haƙura da wanda ke taurin kai. Littafin awoyi bai san wannan ba.

Akwai masu cewa awa tana da wata daraja da hukuncin malami ba shi da ita: ana iya ƙirga ta. Wannan magana ce mai nauyi, musamman a ƙasar da kowa ya san yadda sanayya da alfarma ke buɗe ƙofar da cancanta ba ta buɗe ba. Idan aka ce sai malami ya gamsu, ɗan wane zai wuce, ɗan talaka ya yi ta jira. Na yarda da wannan tsoro. Amma maganinsa ba komawa ga awa kaɗai ba ne, domin awa ma da kuɗi ake sayenta, mai hali ne zai fi tara ta. Bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu, Amurka ta ɗaga sharaɗin mataimakin matuƙin jirgin fasinja zuwa awa 1,500. Sai dai matuƙan jirgin nan su biyu duk sun riga sun wuce wannan adadi, kuma abin da ya kashe su shi ne kyaftin ya ja sitiyari baya a lokacin da ya kamata ya tura shi gaba. Abin da za a yi shi ne a mayar da gwanintar kanta abin ƙirgawa. A zana fili a ƙasa a ce a tsaya cikinsa sau kaza a jere, an rufe na'urar tsayi, a gaban shaidu. A sa mai jarrabawa ya zama ba shi ne ya koyar da ɗalibin ba. Ƙananan na'urorin da ke ɗaukar hanyar jirgi da tsayinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa suna nan, da su ma ake tabbatar da lambobin FAI a yau, kuma za su nuna a wane tsayi mutum ya daina neman hawa. Awoyi su zauna a matsayin ƙofar shiga jarrabawa, kada su zama jarrabawar.

Wasu kuma suna ganin zamani ya shafe rabin matsalar. Na'urar GPS tana nuna inda kake, kwamfutar jirgi tana lissafa ko za ka kai, wasu jiragen ma suna da ƙaramin inji da ake fito da shi idan an matsu. Gaskiya ne ɓata hanya ya ragu. Amma taswirar da ke kan allo ba ta san an yi huɗa a gonar nan makon jiya ba, ba ta san shanu sun shiga ba, kuma lissafinta ya dogara ne da iskar da ta auna a baya. Shi kuwa ƙaramin injin, a irin wanda ake ɗagowa daga bayan matuƙi, idan aka fito da shi ya ƙi tashi, jirgin zai riƙa gangarowa da sauri fiye da da. Shi ya sa ake koyar da cewa a fara zaɓen gona kafin a taɓa shi.

Ƙorafin da na fi ba gaskiya shi ne na masu cewa tsananta sharaɗi yana kashe harkar. Akwai kulob-kulob da ke tsare ɗalibi a saman filin gida shekara da shekaru da sunan tsaro, har ya saba da alamomin wuri ɗaya, ya koyi juyawa a kan wancan gini maimakon auna kusurwa da ido, ya kuma tsorata da nisa. Irin wannan idan ya fita daga baya ya fi sabon ɗalibi haɗari. Don haka jinkiri ma yana da iyaka. Da zarar mutum ya nuna sauka da haƙuri, a fita da shi a jirgi mai kujera biyu, sau biyu, sau uku, sannan a zaɓa masa rana mai kyau da hanya mai gonaki a sake shi. Saukarsa ta farko a gona kuma kada a ɗauke ta faɗuwa. Idan kulob yana yi wa wanda ya sauka a waje dariya, yana koya wa sauran su yi taurin kai a mita 280.

Mai karatu na iya cewa wannan wasan Turawa ne, ina ruwan Katsina da shi. Tuƙin jirgi a ƙasar nan ya ginu ne a kan jirage masu inji, tun daga jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano a 1925, zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, inda ɗalibi ma ba ya samun lasinsa na farko sai ya yi tafiyar kilomita 270 shi kaɗai ya sauka a filaye biyu da ba nasa ba. Kuɗin wannan karatu ya fi ƙarfin mafi yawan iyaye. Shawagi yana cikin hanyoyi masu araha na koya wa matashi sararin sama, kuma an taɓa gwada shi a Afirka ta Yamma. A 1962 Kwame Nkrumah ya kawo Bajamushiya Hanna Reitsch, gwanar matuƙiya wadda tarihin biyayyarta ga Hitler bai taɓa rabuwa da ita ba, ta jagoranci makarantar shawagi a Afienya kusa da Akra. Da aka hamɓarar da shi a Fabrairun 1966 ta bar ƙasar, aikin kuma ya durƙushe. Amfanin wannan horo bai tsaya a wasa ba. A Yulin 1983 mai ya ƙare wa jirgin Air Canada samfurin Boeing 767 yana sama, sakamakon kuskuren lissafi tsakanin ma'auni biyu. Kyaftin Bob Pearson, wanda gogaggen mai shawagi ne, ya gangaro da shi babu inji ya sauka a tsohon filin soja na Gimli, kuma duk mutum 69 da ke ciki suka tsira. Da ya ga ya zo da tsayi fiye da kima, sai ya karkata jirgin ya zame da gefe don ya zubar da tsayin, dabarar da ake koya wa mai shawagi don shiga gajeriyar gona.

Idan wata rana jami'ar tarayya da ke Dutsin-Ma ko wata ƙungiyar matasa a Katsina ta ɗauki wannan aiki, akwai sharaɗi ɗaya da ba za ta same shi a littafin Turai ba. Sauka a gona ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Sai an zo da mota da tirela an kwance fikafikai an ɗauke jirgin, kuma kafin nan matuƙi zai zauna awoyi a wurin da bai san kowa ba, jama'a sun kewaye shi. Dole ya iya gaisuwa, ya nemi mai gonar ya ba shi haƙuri, ya biya ɓarnar da ya yi idan akwai, ya sa a sanar da mai unguwa ko dagaci. Sannan a shekarun nan ƙauyukan Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari, musamman na yamma wajen dajin Rugu, sun sha hare-haren 'yan bindiga. Fili na iya zama shimfiɗaɗɗe babu itace ko ɗaya, amma ba ya saukuwa saboda wanda zai fara isowa wurin. Don haka shirin tafiyar kilomita 50 ta farko a wannan yanki sai ya haɗa da sanin ƙauyukan da ake iya kwana lafiya a makon da ake ciki, da bin gabashin babbar hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma inda mota za ta iya kaiwa kafin magariba, da zaɓen watannin da ke tsakanin ƙarshen girbin dawa da huɗar farko, a ranar da hazo ya ɗaga. Malamin da zai sa hannu a takardar ɗalibi ya kamata ya tambaye shi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, da taswira a buɗe a gabansu, kamar yadda zai tambaye shi gudun tunkarar ƙasa.